Wayar da ke Aljihunka 'Yar Wace Ƙasa Ce?

Na taɓa zama tsakanin wa da ƙani suna musu a kan waya har muryoyi suka fara ɗagawa. Ƙanin ne ya yi sabuwa, ƙirar wani kamfanin China, yana ta juya ta a hannu yana nuna kyamarorin da ke bayanta. Yayan ya karɓa, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya miƙa masa abarsa, ya ce, "Kai dai ka sayo ɗan leƙen asiri da kuɗinka. Kafin ka rufe baki maganarka ta isa Beijing." Ƙanin bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Yaya, taka iPhone ɗin fa? Ɗauko kwalinta ka karanta mana inda aka haɗa ta." Ba a yi minti goma ba suka bar zancen waya, suka koma kan Taiwan, da Trump, da wanda zai riƙe ragamar duniya nan da shekara ashirin. Babu wanda ya lura da inda suka tsallaka daga wannan zance zuwa wancan.

Ni kuma tun daga ranar nake ganin ba su tsallaka ko'ina ba. Zance ɗaya suke yi tun farko, kuma kowannensu ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da ita.

Abin da ya fi yawa a bakin mutane shi ne waya tana da ƙasa, kamar yadda mutum yake da fasfo: wannan ta Amurka ce, waccan ta China, waccan ta Koriya. A kwance iPhone ɗin yayan a gani. A Kalifoniya aka zana ta, wannan gaskiya ne. Amma tsarin da aka gina ƙwaƙwalwarta a kai na kamfanin Arm ne da ke Kambrij a Ingila, shi kuwa Arm kamfanin SoftBank na Japan ya saye shi tun 2016. Ƙwaƙwalwar kanta, wato ɗan guntun silikon ɗin da ake ce wa cif, kamfanin TSMC ne ya ƙera ta a Taiwan. Allon da yake shafawa da yatsa, akasari daga Samsung ko LG na Koriya ta Kudu yake fitowa, ma'ana babban kishiyar Apple yana cin riba a kan wayar Apple. Idon kyamarar na Sony ne. Kobalt ɗin da ke cikin batir, wajen kashi 70 cikin ɗari na wanda ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fita, kuma mafi yawansa a China ake tace shi. Daga ƙarshe Foxconn ne ke haɗa komai wuri guda, a garuruwan China irin su Zhengzhou, inda ma'aikata kan kai kusan 200,000 a lokacin da aiki ya yi zafi. Foxconn ɗin kuwa kamfanin Taiwan ne, tsibirin da Beijing ke cewa nata ne.

Wayar ƙanin ma haka abin yake idan aka buɗe cikinta. Manhajar da ke tafiyar da ita Android ce ta Google. Ƙwaƙwalwarta, in ba ta Qualcomm ta Amurka ba ce, to ta MediaTek ta Taiwan ce, kuma da wuya ba TSMC ko Samsung ne ya buga ta ba. Kowane ɗayansu yana yawo da kayan wanda yake zagi a aljihunsa.

Akwai wata na'ura da nake so mai karatu ya tsaya ya kalla da kyau, domin wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin rikicin Amurka da China. A cikin ƙwaƙwalwar iPhone 15 Pro akwai ƙananan makunnai biliyan 19, a fili da bai wuce farcen yatsa ba. Ba a sassaƙa su da hannu ko da wani ƙarfe. Da haske ake zana su. Kuma hasken da ke da sirantakar yin wannan zane ba a samunsa haka kawai a doron ƙasa, sai an haddasa shi. A cikin na'urar ana harbo ɗigon narkakkiyar kuza, kimanin sau 50,000 a kowace daƙiƙa, hasken lesa yana bugun kowane ɗigo yana cikin tafiya har ya tarwatse ya fitar da wani haske mai zangon nanomita 13.5. Wannan haske iska ma haɗiye shi take yi, gilashi ma haka, saboda haka sai an zuƙe iskar cikin na'urar ƙaf, a yi ta karkatar da shi da madubai waɗanda kamfanin Zeiss na Jamus ke gogewa har su zama cikin abubuwa mafi santsi da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa. Na'urar ta kai girman motar bas, kuɗin guda ɗaya ya haura dala miliyan 150, kuma a duk faɗin duniya kamfani ɗaya tak ke yin ta: ASML, a wani ƙaramin gari mai suna Veldhoven a ƙasar Holan.

Tun 2019 gwamnatin Holan, bisa matsin lambar Amurka, ba ta ba da izinin sayar wa China irin wannan na'ura ko guda ɗaya ba. Ga ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya da miliyan 400, mai jirgin sama jannati da tashar kanta a sararin samaniya, amma takardar izini daga wata ƙaramar ƙasa a Turai ta tsaya mata a maƙogwaro.

Yadda irin wannan shaƙa ke isowa hannun mai waya, Huawei ne ya nuna wa duniya. A watan Mayun 2019 Amurka ta sa kamfanin cikin jerin waɗanda ba a yi musu sayarwa sai da izini. Nan take Google ya janye hannunsa daga sababbin wayoyinsa. Mate 30 ta fito a Satumbar shekarar, waya ce mai kyau ta kowace fuska, amma babu Play Store, babu YouTube, babu Gmail, babu taswirar Google. A cikin China wannan bai dami kowa ba, da ma can ba sa amfani da su. A waje kuwa mai saye yakan ɗauka ya yaba, ya ajiye ya ɗauki wata. Duk da haka ƙarfin kasuwar gida ya sa a zango na biyu na 2020 Huawei ya zarce Samsung a yawan wayoyin da aka fitar a duniya. Sai Amurka ta ƙara matse igiyar: duk masana'antar da ke aiki da fasahar Amurka, ko a ina take, ba za ta buga wa Huawei cif ba. Daga tsakiyar Satumbar 2020 TSMC ya daina ba shi. Kafin shekarar ta ƙare Huawei ya sayar da reshensa na Honor don kada su nutse tare. A gefe guda kuma ga Meng Wanzhou, 'yar wanda ya kafa kamfanin kuma shugabar sashen kuɗinsa, tsare a Kanada tun Disambar 2018 bisa buƙatar Amurka, China ma ta kama 'yan Kanada biyu, ba a sake su duka ba sai a rana ɗaya cikin Satumbar 2021.

Daga nan ne ra'ayoyi suka rabu gida biyu, kuma har yau ake ta maimaita su. Wasu na cewa takunkumi ya gama da China. Wasu na cewa ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. Masu magana ta biyu suna kafa hujja da Mate 60 Pro, wadda Huawei ya fitar a ƙarshen Agustan 2023, daidai lokacin da sakatariyar kasuwancin Amurka Gina Raimondo take ziyara a China. Da masana suka kwance ta sai suka tarar da cif ɗin da kamfanin SMIC ya buga a cikin China, a matakin da ake kira nanomita 7 (gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon ci gaban cif ɗin), da tsofaffin na'urorin da ba su kai waccan ta kuza ba. Abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai TSMC ya fara buga wannan mataki da yawa tun 2018, kuma a watan da ya biyo bayan fitowar Mate 60, Apple ya fito da waya mai cif na nanomita 3. Tazarar kimanin shekara biyar ke nan. A nawa ganin, takunkumin ya yi abu biyu a lokaci guda: ya rage wa China gudu, ya kuma cire mata duk wani shakku kan cewa dole ta ƙera nata. Mai son Amurka yakan ambaci na farko ya yi shiru, mai son China ya ambaci na biyu ya yi shiru.

Ita ma China ba hannu rabbana take ba. Akwai wasu ma'adinai goma sha bakwai da ake kira masu wuyar samu, ko da yake wahalarsu ba a haƙowa take ba, a tacewa take, aiki ne mai ƙazanta da gurɓata muhalli wanda ƙasashen yamma suka bar wa China shekaru da dama da suka wuce. Yau wajen kashi 90 cikin ɗari na tacewar a hannunta yake. Da su ake yin maganaɗisun da ke cikin lasifikar waya da ɗan injin da ke sa ta kaɗawa idan an kira, da su kuma ake yin injin motar lantarki da kayan jirgin yaƙi. A 2023 China ta fara taƙaita fitar da wasu ma'adinan na daban, galiyom da jamaniyom. A Afrilun 2025 ta sa takunkumin izini kan bakwai daga cikin ma'adinan nan masu wuyar samu, kuma ba a jima ba wasu masana'antun motoci a Turai da Amurka da Japan suka tsayar da layin aiki. Kowa ya riƙe wuyan kowa, shi ya sa ake ta kumfar baki amma ba a shaƙe har lahira.

Yanzu ga maganar yayan, ta leƙen asiri, wadda ita ce ta fi saurin tayar da jijiyar wuya. Ba daga iska ya ɗauko ta ba. A 2017 China ta yi dokar tattara bayanan sirri da ta wajabta wa kamfanoni da 'yan ƙasa ba hukumomin tsaro haɗin kai, kuma babu kamfanin da zai iya ce wa jam'iyya mai mulki a'a ya kwana lafiya. Amma laifi tudu ne. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA take samun bayanan masu amfani da manyan kamfanonin intanet na ƙasar, har aka shiga zancen sauraron wayar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel, ƙawar Amurka. A 2020 aka bankaɗo cewa Crypto AG, wani kamfanin Suwizalan da ya shafe shekaru yana sayar wa gwamnatoci fiye da ɗari na'urorin ɓoye saƙo, ashe mallakar CIA ne da hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma. Gwamnatoci suka yi ta biyan kuɗi suna sayen kunnen da ake sauraronsu da shi. Manhajar Pegasus kuwa, ta wani kamfanin Isra'ila, ba ta tambayar ƙirar wayarka. Ta shiga iPhone, ta shiga Android, wani lokaci ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba.

Abin da nake ganin musun yakan ɓata shi ne haɗa tsoron gwamnati da tsoron mutum ɗaya wuri guda. Gwamnatin da ke tunanin wa za ta ba kwangilar kafa layukan 5G na ƙasarta tana da dalilin yin taka-tsantsan, domin wanda ya kafa turakun yana iya sanin hanyar kashe su ranar da aka ɓata. Amma malamin makaranta ko direban mota da ke tsoron Beijing ko Washington na sauraron hirarsa da matarsa, ya bar jaki yana dukan taiki. Bayanansa suna fita kullum ta ƙofar da shi da kansa ya buɗe: manhajar tocila da ta nemi izinin ganin lambobin wayarsa ya danna amincewa, wasan da ya nemi sanin inda yake ya danna amincewa. A ƙarshen 2017 wata manhajar motsa jiki mai suna Strava ta wallafa taswirar inda masu amfani da ita ke gudu, a farkon 2018 sai ga zanen sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan sun bayyana ƙarara a tsakiyar hamada, saboda sojoji suna zagaye sansani da agogo ko waya a jiki. Babu ɗan leƙen asirin da ya tsallake katanga. Su da kansu suka zana.

TikTok ya ƙara wa wannan musu wani launi, domin a nan tsoron ba na abin da ake ɗauka daga wayarka kaɗai ba ne, har da abin da ake zuba maka. Indiya ce ta fara yanke hukunci. A Yunin 2020, bayan arangama da sojojin China a kwarin Galwan da ke kan iyaka, wadda ta ci rayukan sojojinta 20, ta haramta TikTok da wasu manhajojin China 58 a dare ɗaya. Masu yin bidiyo da suka tara mabiya suka wayi gari babu dandali, Instagram da YouTube suka kwashe ganimar. A Amurka kuwa abin ya zama wasan kwaikwayo. Trump ne ya fara yunƙurin rufe ta a 2020. Biden ya sa hannu kan dokar da ta ce kamfanin China mai TikTok ya sayar da ita ko a rufe ta a Afrilun 2024, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Janairun 2025, manhajar ta ɗauke na wasu sa'o'i ga masu amfani da ita miliyan 170, sannan Trump ɗin nan dai ya dawo ya yi ta ɗage wa'adi. A cikin kwanakin nan dubban Amurkawa, don nuna fushi, suka yi hijira zuwa Xiaohongshu, wata manhajar da ta fi TikTok zama ta China ciki da waje. An gudu ba a tsira ba. Abin dariyar kuma, TikTok ba ta aiki a cikin China kanta. 'Yar'uwarta Douyin suke kallo, kamar yadda Facebook yake a toshe a can tun 2009.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ra'ayin da wa da ƙanin nan suke kai ruwa rana a kai, mafi yawansa ta wayoyin da ke hannunsu ya iso musu. Wanda ya tsaya daƙiƙa biyar a kan bidiyon gadar China mai ratsa gajimare, gobe za a kawo masa goma irinsa. Wanda ya tsaya a kan bidiyon kyamarorin sa ido a titunan yankin Xinjiang na China, shi ma haka. Bayan wata shida kowannensu ya tabbata ɗan'uwansa bai san duniya ba.

Sai kuma tambayar da ake yawan jefowa duk lokacin da haraji ya tashi: me zai hana Amurka ta haɗa wayoyinta a gida? A Afrilun 2025 harajin da Trump ya ɗora wa kayan China ya kai kashi 145 cikin ɗari. Cikin 'yan kwanaki aka cire wayoyi da kwamfutoci daga mafi yawansa. Wannan janyewar ita ce amsar. An taɓa gwadawa: Motorola ya buɗe masana'antar haɗa Moto X a Texas a 2013, aka rufe ta a 2014. Ba arhar albashi kaɗai ba ce ta riƙe aikin a China. A kewayen Shenzhen da Zhengzhou mai yin ƙusa, da mai yin gilashi, da mai yin batir, da injiniyoyin da za su sauya layi cikin dare idan an canza zane, duk suna kusa da juna. Apple yana kwashe wani ɓangare na haɗawar zuwa Indiya, inda Foxconn da Tata ke aiki, amma kayan cikin da yawa har yanzu daga China suke tasowa. Rubutun kwali yakan riga gaskiyar ciki canzawa.

Rasha ma ta nuna iyakar abin. A Maris ɗin 2022 Apple ya daina sayarwa a can, katunan bankunan da aka sa wa takunkumi suka daina aiki a waya. Amma iPhone ba ta ɓace daga Mosko ba. Ta dinga zagayowa ta wasu ƙasashe da ƙarin kuɗi, kamfanonin China kuma suka cike gurbin da Samsung da Apple suka bari.

Duk igiyoyin nan a Taiwan suke haɗuwa. Tsibirin ne ke buga kusan kashi 90 cikin ɗari na cif mafi ci gaba a duniya, kuma inda mashigin ruwan ya fi ƙunci, tazararsa da gaɓar China kimanin kilomita 130 ce. Wasu 'yan Taiwan na kiran wannan masana'anta garkuwarsu, wai babu wanda zai yarda a fasa tukunyar da kowa ke ci daga ciki. Wasu kuma na ganin ita ce naman da ke jawo kura. Amurka dai ba ta son dogaro da sa'a: a 2022 ta ware kimanin dala biliyan 52 don jawo masana'antun cif gida, TSMC kuma ya gina a Arizona. Amma ko yaƙi ba a yi ba, mun ga ɗanɗano. A 2021 ƙarancin cif ya sa sababbin motoci suka yi ta zama a filin masana'anta ba a gama su ba, masu neman PlayStation 5 suka yi watanni suna jira. A shekarar ce kuma fari ya addabi Taiwan har aka tsayar da ban ruwan gonaki a wasu yankuna, tankoki suna jigilar ruwa zuwa masana'antun cif, domin wanke silikon yana shan ruwa mai yawa.

Su kuwa mutanena, suna tsakiyar rabon tsibirin ne wayar yayan ta yi ƙara, caji ya kusa ƙarewa. Ya lalube aljihu babu caja. Ƙanin ya zaro tasa ya miƙa masa yana murmushi. Shekara uku kafin nan da ba ta shiga ba, domin Apple ya shafe fiye da shekara goma da bakin cajarsa na daban. Ba Washington ce ta sauya wannan ba, ba kuma Beijing ba. Tarayyar Turai ce ta yi doka a 2022 cewa daga ƙarshen 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta zo da bakin USB-C, Apple kuwa ya ga yin waya iri biyu asara ce, ya sauya wa duniya gaba ɗaya tun daga iPhone 15. Yayan ya jona, alamar caji ta hau, ya ajiye wayarsa kusa da ta ƙaninsa, ya gyara zama.

"To," ya ce, "ina muka tsaya? Ka ce wai za su iya ƙetare ruwan nan cikin mako guda."